'Yan Lallen da ke Bangon Hanji

Bawku, cikin watan Rajab

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Ladi, assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni mahaifinki, tare da fatan lori ya sauke ki Kumasi lafiya, ke da akwatinki da kwanon yajin da Goggonki ta dage sai kin tafi da shi. Allah ya tsare ki a garin da ba ki san kowa ba, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa aikin nas ɗin da kika je koya ya zame miki alheri duniya da lahira.

Wannan takarda na ba Goggo Asabe ta cusa a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin yi nisa. Kin san halina. Ke ce 'yar fari, ko sunanki na yanka ban taɓa kamawa ba sai dai Ladi, balle in zaunar da ke mu yi irin maganar da zan yi yanzu. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, ko da kunya ta kama ki. Ni ma da nake rubutawa ta kama ni.

Ladi, na san ba ki da lafiya. Tun bayan ƙaramar Sallah nake jin ƙarar butarki tana zuwa tana dawowa, wani lokaci sau shida kafin azahar. Na ga kin daina shan fura. Na ga awarwaronki yana zamewa har gwiwar hannu, idonki ya yi fari. Na ce wa kaina zullumin tafiya ne. Sai shekaranjiya Goggonki ta tare ni a zaure tana kuka, ta ce ta ga jini a zanenki wajen wanki, ta tambaye ki, kika ce da bahaya yake fita, kika kuma roƙe ta don Allah kada ta gaya mini, wai in makaranta ta ji za ta maido ki gida. Kada ki yi fushi da ita. Ta taɓa riƙe irin wannan sirrin sau ɗaya, kuma ta ga inda ya kai mu.

Na so in hana ki tafiya. Da na sake tunani sai na ga likitoci da kayan aikin da za su iya duba ki suna can Kumasi, ba nan ba. Saboda haka zan bar ki ki hau lori, amma da sharaɗin da ba zan iya faɗa miki a tasha ba: cikin makon nan za ki kai kanki gaban likita. Don ki gane dalilin da ya sa na tsaya kan wannan, dole in ba ki labarin wautata, kuma ba guda ɗaya ba ce.

A Salaga na fara ɓata. Tsohona fataucin goro ya yi, shi da ubansa, so ya yi kuma in gaje shi. Ni kuwa sai na bi ayarin ma'aikatan lafiya masu zagaya ƙauyuka suna sukar yatsa suna duba jini. Da mutanen zango, unguwarmu ta Hausawa, suka ji har da kashi ake dubawa, na sha tsiya. Kin san ko a can ƙasar Hausa masai mai rami salga ake ce masa, wai daga garinmu aka koyi gina shi. Abokaina suka ce to shi ke nan, ɗan Salaga ya kama sana'ar gado. In na shiga kasuwa sai wani ya toshe hanci ya ce, "Garba, yau na wa ka leƙa?" Tsohona ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Wanda ya koya mini aikin Mista Kwaku ne, wani mutumin Asante, gajere, Hausa a bakinsa kamar a Kano aka haife shi, ga faɗa kamar me. Ranar farko ya kama yatsana ya soka, ya ɗiga jinin a kan gilashi, ya shimfiɗa shi da bakin wani gilashin, ya bari ya bushe. Ya zuba masa ruwan rini, ya ɗauraye, ya sa a ƙarƙashin madubin likita, ya ce in duba.

Ladi, da na sa ido sai da na ja da baya na yi salati. Ɗigon da bai fi ƙwayar gero ba, ga jama'a a cikinsa sun fi kasuwar Salaga ranar da ta cika. Jajayen ƙwayoyi jingim, kowace a kewaye, ba ta taka 'yar'uwarta. Can tsakaninsu jefi-jefi ga waɗansu manya, waɗanda ake kira farare, rini ya kama cibiyarsu ta yi shuɗi. Cikin fararen nan kuma akwai wata iri da ta fi duka kyau. Cibiyarta kashi biyu ce kamar goron da aka ɓare, jikinta kuwa cike yake da ƙananan tsaba ja mai haske, kowace tsaba tana ɗaukar ido. Na ce wa Mista Kwaku, "Masta, duk wannan a cikina yake?" Ya ce, "A cikinka, da cikin sarkin Gonja, da cikin mahaukacin bakin tasha." Ranar ban iya cin abincin rana ba. Na zauna gindin darbejiya ina kallon yatsana, ina tunanin shekara ashirin ina yawo da wannan halitta ban taɓa sanin tana nan ba, ban kuma taɓa gode wa Allah a kanta ba. Har gobe in na sa ido a madubi sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Turawa suna kiran masu jar tsabar nan iyosinofil. Mista Kwaku ya koya mini abu biyu a kansu. Na ɗaya, in ka ƙirga farare ɗari a jinin mai lafiya, waɗannan ba su cika wuce yatsun hannu ɗaya ba, amma in tsutsa ta shiga jikin mutum sai su yi yawa, don su ne masu fita yaƙi da ita. Na biyu, yawansu ishara ce kawai. Ba a rubuta tsutsa a takarda sai an ga ƙwanta a bahaya ko a fitsari, ko an ga ita kanta a jini.

Na riƙe na farko na yar da na biyu. A ƙasar Gonja ta lokacin, ruwan rijiya da na tafki kowa ke sha, da wuya ki sami mutumin da ba ya ɗauke da wata tsutsa. In na ga masu jar tsaba sun yi yawa sai in ce tsutsa tun kafin in buɗe gwangwanin bahaya, kuma in aka duba sai a tarar da ita. Har aka fara cewa Garba Mai Madubi da rauhanai yake aiki. Kaina ya kumbura. Ran nan Mista Kwaku ya kama ni na cike takardu biyar ban ko taɓa gwangwanayen ba. Ya bugi tebur har kwalaben rini suka yi tsalle, ya ce, "Garba, idonka aka ɗauka aiki, ba zatonka ba." Na ba shi haƙuri a baki, a zuciya kuwa cewa nake tsohon nan ɓata lokaci kawai yake so.

To Ladi, ga wautata ta farko. A aikin da za ki shiga, kada ki rubuta abin da idonki bai gani ba. In ba ki auna zafin jikin mutum ba, kada ki cike gurbin don tsoron sista. Cewa "ban gani ba" ko "ban sani ba" ba ya rage wa kowa daraja. Kuma ki fi tsoron ranar da zatonki ya riƙa dacewa, don ranar ne za ki daina dubawa.

Aka mai da ni Yendi, can na auri mahaifiyarki, 'yar gidan malamai. Tana amarya, wata Juma'a ta kawo mini tuwo wurin aiki, hannunta har lokacin da lallen biki. Ba kowa a ɗakin gwaji sai ni. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallon madubin kamar zai cije ta. Na ce ta zo ta gani. Ta rufe ido ɗaya da tafin hannu ta leƙa da ɗayan, ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Malam, su waye waɗannan da suka sa lalle?" Ta ɗora hannunta kusa da gilashin, wallahi launin ɗaya ne. Tun ranar na daina kiransu da sunan Turawa. 'Yan lalle nake ce musu, har abokan aikina suka ɗauka. Ita kuma ta mai da su abin zolaya. In na dawo gida sai ta ce, "Yaya 'yan lalle, sun yi yaƙi yau?" Tana son jin labarin aikina, ni kuma ina son nuna na sani, har maganar Mista Kwaku ta ƙwai na gaya mata, ina kwaikwayon muryarsa tana dariya.

Kina shekara shida ciwon ya fara mata. Ban san ranar da ya fara ba, don ban tambaya ba. Na ga tana ramewa, na ga tana yawan zagayawa, na kau da kai. Mutum ya tambayi matarsa yadda bahayanta yake? Ni da nake tambayar baƙi hamsin wannan tambaya kowace safiya ba tare da ko ƙifta ido ba, a gidana sai bakina ya mutu. Goggo Asabe, wadda ke zaune tare da mu a lokacin, ta sani, amma an roƙe ta ta yi shiru. Sai da mahaifiyarki ta faɗi a bakin murhu sannan Goggonki ta kawo mini gwangwani naɗe a tsumma, ta ajiye ta juya.

Na duba jininta, 'yan lalle sun ɗan haura. Na duba bahayan, ga jini, ga majina, ga mugunya. Ga kuma waɗansu abubuwa masu sheƙi kamar allura mai tsini biyu, waɗanda Mista Kwaku ya ce mini in 'yan lalle suka mutu a hanji su ne abin da suke bari. Amma ƙwai babu. Ƙwayar atini mai rarrafe, wadda na saba gani a bahaya mai jini, ita ma babu. Kwana uku ina sauya gilashi, ina dubawa har idona ya yi ja. Babu. Sai na ce a raina, ai inda 'yan lalle suka taru suka mutu haka, abokin gaba yana nan, ɓuya kawai ya yi. Na ɗauki alƙalami na rubuta tsutsa da atini. Mai ba da magani bai yi musu ba, don takardar Garba Mai Madubi ce.

Aka ba ta maganin tsutsa na wancan zamani, mai wari kamar kananzir, a sha da azumi a bi shi da gishirin wankin ciki. Aka yi mata allurar atini, wadda ke sa zuciyar ƙato ma ta riƙa fizga. Ki duba fa, hanjin da ke zub da jini, shi muka wanke da gishiri. Bayan wata ɗaya ciwon ya lafa, na bugi ƙirji na ce na kashe tsutsa. Da damina ya dawo. Na sake dubawa, na sake rasa ƙwai, na sake rubutawa. Sau uku na yi haka da hannuna cikin shekara uku.

A shekara ta biyu wani likita da ya zo rangadi daga Tamale ya karanta takardunta. Ya kira ni gefe ya ce abin nan bai yi masa kama da tsutsa ba. Ya ce a kudu akwai wani bututu mai fitila da ake sawa ta dubura a leƙa bangon hanji, in kai ta a duba. Na ce to. Na fito ina huci. Matata, 'yar malamin da rabin zangon Yendi ke karatu a zaurensa, a kwantar da ita gaban wani ƙato a yi mata haka? Me zan ce wa ubanta? Ban gaya mata ba, ban gaya masa ba. Na yanke hukunci ni kaɗai na kira shi kare mutunci.

Wata ranar Laraba bayan la'asar, ana yayyafi, ina zaune bakin gadonta ina ba ta koko da cokali. Ta rame har zobenta ta mayar babban yatsa. Ta ce, "Malam, 'yan lallen nan suna nan?" Na ce suna nan. Ta yi ɗan murmushi, sannan ta dube ni sosai ta ce, "Ƙwan fa? Ka gan shi?" Na ce, "Na gani." Ta ce, "To alhamdu lillahi." Ta karɓi kokon. Ladi, ban sani ba ko ta yarda ko kuwa rufa mini asiri ta yi. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta rasu. A duk zunubaina babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wannan kalma biyu.

Ranar addu'ar uku zuciyata ta kasa riƙewa, na gaya wa kakanki, mahaifinta, maganar likitan Tamale, ina tsammanin zai ce na kyauta. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Garba, da ka tambaye ni da na ce ka kai ta. Neman magani ba ya cikin abin da Allah ya hana. Kunyar taka ce, ba ta addini ba." Bai ƙara ba, bai kuma sake tada maganar ba har ya bar duniya.

Ga ta biyu ke nan, kuma ita ta fi shafar ki yau. Kunya abu ne mai kyau, ni na koya miki ita, amma ba a kai ta gaban likita. In sun ce za su sa bututun nan, ki nemi nas mace ta tsaya tare da ke, ki rufe fuskarki da mayafi in kina so, ki bari su duba. Ni ubanki na yarda, na kuma rubuta da hannuna don kada wani a zangon Kumasi ya ce miki gidanku ba za su so ba.

Duk da haka ban san abin da ya kashe mahaifiyarki ba sai a nan Bawku, bayan an sami 'yancin kai. Kin tuna Alhaji Salifu, Bamoshen nan mai fataucin shanu, wanda ke kawo mana wagashi, cukun nonon shanu, in ya dawo daga arewa? Ba da ciniki muka san juna ba. A kan amalanke aka kawo shi asibiti, ya yi shekara biyu yana bahayan jini, ya sha maganin tsutsa na kanti da na gargajiya har ya gaji. Na duba nasa, sai na ga kamar na mahaifiyarki aka dawo mini da shi: jini, mugunya, allurai masu tsini biyu, ƙwai babu. Na ɗauki alƙalami. A karo na farko cikin irin wannan hali na rubuta gaskiya: ban ga ƙwai ba, ban ga atini ba.

Likitarmu a lokacin wata Baturiya ce dattijuwa, Hausarta irin ta kasuwar Bawku, mace ma "ya" take ce mata. Ta karanta takardar ta ce, "Yawwa, Malam Garba, wannan takarda ya taimake ni." Ta leƙa hanjin Alhaji da bututu, ta tsinko ɗan nama daga bangon, bai fi ƙwayar shinkafa ba, ta aika kudu. Bayan makonni aka dawo da shi an yanka shi siriri, an rina, an manna a gilashi. Ta kira ni ta ce kafin in ga na Alhaji, in fara ganin wani. Ta ɗauko gilashi daga akwatinta ta ce wannan hanjin mai lafiya ne.

Ban taɓa ganin bangon hanji ba sai ranar. Ni a zatona fata ce kawai, irin wadda mahauta ke wankewa. Ashe gini ne. Ƙwayoyi a jere kafaɗa da kafaɗa, layi ɗaya tak, shi ne duk abin da ya raba ƙazantar cikin mutum da jininsa. Layi ɗaya, Ladi, wanda ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba. A bayan layin kuma, nan ɗaya can ɗaya, sai ga 'yan lalle a zaune. Na ce, "Likita, ai wannan ma yana da tsutsa." Ta ce a'a, nan ne gidansu. Waɗanda nake gani a jini masu wucewa ne kawai, akasarinsu a bangon hanji suke zama, ko da tsutsa ko babu. Na sake leƙawa. Shekara da shekaru ina ɗaukarsu sojan da ake kira ran yaƙi, ashe masu gadi ne da ba su barin bakin ƙofa. Duk loma da mutum ya haɗiya tun daga nonon uwarsa, ta gabansu take wucewa. Tuwo ya wuce, kuka ta wuce, goro da barkono da ruwan tafki su wuce, su bar mai amfani ya shige, su tare mai cutarwa. Wa ya koya musu bambancewa? Ba su da ido, ba su da kunne, ba su taɓa ganin hasken rana ba. Mutum yana barci suna aiki, yana saɓon Allah suna aiki. Na ce subhanallahi ban san sau nawa ba, har likita ta tambaye ni ko lafiya.

Sannan ta sa na Alhaji Salifu. Layin nan ya tsattsage, wani wuri babu shi sam. Farare iri-iri sun cika wurin maƙil, 'yan lalle a cikinsu ba iyaka, waɗansu sun fashe, jar tsabarsu ta watsu cikin nama. Ta ce tsabar nan da nake sha'awa guba ce, da ita suke ƙona tsutsa, in ta zube inda babu tsutsa kuwa naman mai ita take ƙonawa. Ta ce akwai ciwon da hanji ke kumbura ya yi gyambo ba tare da an sami wani baƙo a ciki ba, kamar dai karnukan gida sun rikice sun koma cizon masu gidan. Yakan lafa ya dawo, ya lafa ya dawo. Na tambaye ta, to 'yan lallen ne suka tada wutar, ko kashe ta suka zo yi? Ta buɗe hannu ta ce, "Malam Garba, ba mu sani ba. Manyan likita a ƙasarmu ma bai sani ba tukuna." Wannan amsa ta ƙara mini tsoron Allah. Abu yana cikin cikin kowa, an gan shi da ido, an ba shi suna, amma har yau ba a gama sanin aikinsa ba.

Ta sa aka kawo wa Alhaji waɗansu ƙwayoyi ruwan ɗorawa daga kudu, ta hana shi duk wani maganin wankin ciki. Ba ta ce ya warke ba, ta ce ciwon zai kwanta in ya riƙe magani. Cikin wata biyu mutumin da aka kawo a amalanke ya koma kara yana daka wa dillalai tsawa. Ranar da na gan shi yana cin tsire a bakin kasuwa, na yi masa murna, na kuma koma ɗakin gwaji na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba a Yendi. Daga baya na ba likita labarin mahaifiyarki duka. Ba ta ce lallai da ta rayu ba, ba ta kuma ce ba laifina. Abin da ta ce shi ne irin wannan ciwo wani lokaci yakan bi gida, in sa ido a kan 'ya'yana.

Nan ne wautata ta uku, wadda na yi miki ke. An ce in sa ido, na kuwa sa, amma ban buɗe baki ba. Kin tambaye ni sau ɗaya, kina aji shida, me ya kashe mamanki, na ce ciwon ciki ne, kwana ya ƙare. Da na gaya miki gaskiya a ranar, da farkon ganin jini kin zo kin same ni. Na ɓoye don kada ki raina ni, yau ga shi kin yi wata tara kina ɓoye mini. Ki yafe mini wannan.

Yanzu ki saurara da kyau. Ban ce ciwon mahaifiyarki ne gare ki ba. Ban duba ki ba, kuma na rantse ba zan sake faɗin abin da ban gani ba. Yana yiwuwa atini ne ko tsutsa ta gaske, a ba ki magani cikin mako biyu ki miƙe, Allah ya sa haka. Amma ki je. Ki gaya wa likita yaushe ya fara, sau nawa kike zagayawa a yini, jinin a gauraye yake ko a sama. Ki ce masa mahaifiyarki ta yi shekara uku da irinsa, yana lafawa yana dawowa, ba a taɓa ganin ƙwai ba, kuma ubanki ma'aikacin ɗakin gwaji ne, shi ya duba, shi ya ce a gaya masa haka. In suka duba jininki suka ce tsutsa ce, ki yi musu ladabi ki ce su nuna miki ƙwan a madubi. Ke ɗalibar nas ce, ba wanda zai ga baƙinki don kin nemi gani. Masu tallar maganin wankin ciki a tasha da zango kuwa, ko kyauta suka ba ki kada ki karɓa.

Maganar makaranta kada ta hana ki barci. Ban san dokarsu ba, ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. In sun ce ki huta shekara guda, ki huta, ɗakinki yana nan, Goggonki ma daɗi za ta ji. Nas da yawa za a yi a ƙasar nan. Ladi kuwa guda ɗaya gare ni.

In Allah ya ba ki lafiya kika fara shiga ɗakin marasa lafiya, ki tuna mace ba ta faɗin irin wannan a tambayar farko. Ki ja labule, ki rage murya, ki sake tambaya. In kuma kika sami dama, ki roƙi mai ɗakin gwajinsu ya bar ki ki leƙa ɗigon jininki. Ina so ki ga abin da mahaifiyarki ta gani, ki san irin hidimar da Allah ya sa ake yi miki a ɓoye ba tare da kin roƙa ba.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa ki faɗa hannun likita mai tsoronsa, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane da na abin da ke cikin jiki. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya haskaka kabarinta, ya sa ta yafe mini. Goggonki tana gaishe ki, Alhaji Salifu ma ya ce a gaishe da nas.

Direban da ya kai ki yana juyowa Bawku ranar Asabar ta sama, ki ba shi amsa. Ba na son doguwar gaisuwa. Ki rubuta mini ranar da kika ga likita da abin da ya ce, ko mai daɗi ko marar daɗi. Abu ɗaya na roƙe ki, kada ki rubuto mini "lafiya lau". Shekara uku ina tambayar mahaifiyarki yaya jiki tana ce mini lafiya lau, ni kuma ina karɓa don shi ya fi mini sauƙi. Daga gare ki ba zan karɓa ba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba Mai Madubi